An Yi wa Lambun Kaka Aski da Kitso

"Lafiya ƙalau, Baba. Ya kasuwa, ya fama da rana? To madalla. Don Allah mu ɗan koma daga ciki, maganar tawa ba ta bakin titi ba ce."

Mai aski ne. Ina tsugune ina cusa ƙasa a leda, ban ma gama amsa gaisuwar ba ya riga ya shige bayan rumfata, ya laɓe tsakanin manyan tukwane kamar wanda kare ya biyo. Na san shi sarai. Shagonsa na nan bayan tashar mota, kuma mutum ne da in ya buɗe baki sai ka roƙe shi ya rufe. Amma ran nan bakin ya mutu murus.

Ni dai sana'ata sayar da shuke-shuke ce a gefen titi, kuma na tsufa a cikinta har ina gane mai laifi daga takunsa. Mai son fure yana shigowa ne yana sansana wannan yana taɓa wancan, yana ɓata mini lokaci. Wanda ya kashe shukar wani kuwa ƙasa yake kallo, kuma maganarsa ɗaya ce: irin wannan sak. Haka mai aski ya ce. Wai ciyawar ado yake so, doguwa, wadda ta kai ƙirji, mai farin kai irin jelar doki, kuma wadda ta riga ta girma, yau-yau ɗin nan. Na ce ta wa? Ya ce ta wani kwastomansa ce. Na ce masa ƙarya ba ta yi masa kyau, domin gida ɗaya na sani a duk unguwar da ke da wannan ciyawa, gidan kakarsa.

Kakar nan tsohuwar abokiyar faɗana ce. Takin da take saye a wurina bai kai zagin da take yi mini ba, amma ban taɓa ganin mai hannun shuka irinta ba. Shekaru ke nan yanar ido ta rufe mata gani, lambun nata da hannu take saninsa: ta shafa kan ciyawar ta ji laushi, ta bi ganyen furanninta da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Kwanakin baya wani ɗanta ya ɗauke ta aka yi mata aikin ido, ta zauna a gidansa tana jinya. Kafin ta tafi ta raba wa jikokinta biyu amana. Ciyawar da ke jikin katanga ta ba mai aski, ɗan 'yarta. Fangalin furanni ta ba mai kitso, 'yar ɗanta. Gobe za a dawo da ita, ido ya buɗe tar, kuma ta riga ta aiko da saƙo cewa kada kowa ya tare ta da fuskarsa, lambunta take so ta fara gani.

Ban kai ga tambayarsa abin da ya aikata ba sai ga wata ta tsallako titi, mayafi har goshi, tana riƙe da baƙar leda nesa da jikinta. Gaisuwarta ma irin tasa ce, a gurguje, ido a ƙasa, ta ƙare da cewa mu koma daga ciki. Na nuna mata hanya kawai, don ni ba na hana kaina kallo. Mai kitso ce. Ta zagaya bayan tukwanen, ta yi kiciɓis da taubashinta.

Sai da suka yi cirko-cirko. Mai aski ne ya fara farfaɗowa.

"A'a, gimbiya da kanta cikin rana? Kawunan mata sun ƙare ne kika fito farauta?"

"Bawan gidanmu, wa ya kwance ka? Ba a aike ka ba ka kama yawo. Durƙusa ka gaishe ni tukuna."

"In durƙusa wa matata? Fure na zo saya zan kai wa budurwa, tunda ke kin tsufa a hannuna."

"Kai da budurwa? Wace makauniyar ce ta..."

Ba ta ƙarasa ba. Kowa ya tuna wadda za a dawo da ita gobe. Ita ta kama gyaran mayafi, shi ya kama karanta rubutun jikin buhun taki.

To amma idon mai kitso ko silin gashi ba ya bari ya wuce. Ta dubi ƙafar wandonsa ta ga ɓurɓushin ganye, ta dubi aljihunsa ta ga kunnen almakashi ya leƙo. Kafin ya ankara ta zare shi. Bakin almakashin kore shar.

"Tun yaushe kan mutane ya fara tsiro kore?"

Ya ce wani mai fenti ne ya zo aski. Ta ce to ya kai ta ta ga kan. Ya ce mutumin ya yi tafiya. Ta juyo gare ni ta ce, Baba, me wannan ya zo saya? Ni kuwa ba a ba ni sirrin ba tukuna, an dai ce za a ba ni, don haka na faɗa mata.

Nan fa labari ya fito, da ƙyar, kamar ana cire masa haƙori. Jiya da yamma, bayan mai kitso ta bar gidan Kaka, ya tsaya yana kallon ciyawar. Ta yi buzu-buzu, wani ya karkata gabas wani ya karkata yamma, kuma shi duk rayuwarsa bai taɓa barin kai irin wannan ya fita daga shagonsa ba. Ya ce a ransa, ashe haka Kaka za ta buɗe ido ta ga abu kamar mahaukaci? Bari a ɗan yi saisaye. Ya rage dama, sai hagu ta fi tsawo. Ya rage hagu, sai dama ta fi. Wai shi kan mutum ya saba da shi, wanda in ka ce tsaya sai ya tsaya, ita kuwa wannan iska ce ke kaɗa ta, duk sanda ya ja baya ya duba sai ya ga ba daidai ba. Ya bi ta a haka, yana ragewa yana ja da baya, har sai da ya ga yana aikin a durƙushe.

"Yanzu ina ta tsaya?" ta tambaya.

Ya nuna idon sawunsa.

Wayyo, mai kitso ta samu abin da take so. Ta yi dariya har sai da ta zauna a kan buhun takina. Ta ce ashe ƙwal-kwabo ya yi wa tsohuwa, ta tambaye shi ko ya shafa wa ciyawar man aski da ya gama, ko ya riƙe mata madubi ta ga ƙeyarta. Ta ce daga yau duk wanda ya zauna a kujerarsa sai ya yi sallama da kunnuwansa. Shi kuwa yana tsaye, gumi na bin wuyansa, ya ce shi dai da kyakkyawar niyya ya yi.

"Kaka takan zauna da yamma tana jin shuuu ɗin ciyawar nan," ta ce. "Gobe sai ka tsaya jikin katanga kana yi mata da baki."

Wannan ta shige shi. Na ga ya sunkuyar da kai. Kuma a sunkuyen nan ne ya ga ledarta, wadda ta ajiye a ƙasa garin dariya, tana ɗigar da wani baƙin ruwa.

"Gimbiya, me ke cikin ledar nan?"

"Gashin doki ne. Na kwastoma."

"Gashin doki yana zubar da ruwa? Yana wari? Ko da dokin kika haɗo?"

Ta kai hannu za ta ɗauke, na riga ta. Rumfata ce, kuma hancina ya riga ya gaya mini abin da ke ciki. Na zazzage ledar a kan katakon da nake aiki. Kawunan furannin Kaka ne, waɗanda ke zaune cikin ƙasa, mu albasa muke ce musu don kamarsu ɗaya. Duk sun yi baƙi, sun yi laushi, in ka danna yatsa sai ya nutse. Kuma kowace ɗaya, ganyenta na nan a jikinta, an kitse shi tsaf, an ɗaure ƙarshen da baƙin zare.

Ni kaina sai da na ce ikon Allah. Na ga ɓarna iri-iri a sana'ar nan, na ga wanda ya shayar da fure ruwan wanki, na ga wanda ya dasa shi kai a ƙasa, amma ban taɓa ganin ɓarnar da aka yi da kyau haka ba.

Mai aski ya ɗaga guda ɗaya ta jela, yana juya ta. Rai ya dawo masa gaba ɗaya.

"Kalba ce, Baba. Dubi hannu, ko sili bai fita ba. Gimbiya, bikin wa za su je? Kin sa musu lalle kuwa?"

"Ajiye."

"Ashe shi ya sa kika lulluɓe fangalin da buhu, wai rana ta yi yawa. Ni ina wucewa ina cewa Allah ya yi wa matata albarka, ta iya tattali. Ashe gawa kike rufewa."

Ita ma nata labarin ya fito, amma ba shi ta gaya wa ba, ni ta fuskanta. Bayan Kaka ta tafi furannin suka zube, ganyen ya kwanta ya barbazu a hanya, ana takawa. Hannunta ya yi ta ƙaiƙayi. Wata rana ta zauna ta tattara su ta kitse, wurin ya yi fes, har hoto ta ɗauka. Ba a jima ba ganyen ya fara rawaya. Ta ce ƙishi ne, ta ƙara ruwa. Ya ƙara rawaya, ta koma ba su safe da yamma, ran da ta samu sarari har da rana. Yau da safe ta ja kitso ɗaya don ta gyara, sai ya biyo hannunta da albasar gaba ɗaya.

Ban so na yi dogon bayani ba, don ba makaranta na buɗe ba. Na dai ce mata ganyen nan shi ke ciyar da albasar bayan fure ya zube, ba a ɗaure shi, ba a yanke shi, ko ya yi muni haka ake barinsa ya sha rana. In ya fara rawaya kuma ba ƙishi ba ne, barci take ji, a bar ta ta bushe. Ciyawa ita ba ta da riƙo, ka yanke ta ka taka ta, ta ji ruwa ta taso. Albasa kuwa, in ruwa ya zauna mata, shi ke nan.

Mai aski kunnensa abu ɗaya ya kama. Ya ce in maimaita, wato tasa za ta dawo? Na ce bana dai ba za ta fitar da kai ba, ya riga ya cinye wannan, amma za ta tofo, wataƙila ma ta fi da cika. Kai, zo ka ga mutum. Ya karɓe almakashinsa daga hannunta ya ɗaga sama, ya ce ashe gyara ya yi, ashe shi likitan ciyawa ne bai sani ba. Ya ce gobe zai sa sabbin kaya ya tsaya a gaba. Ya ce wa taubashiyarsa kada ta damu, in Kaka ta kore ta daga dangi zai ɗauke ta aikin share gashi a shago.

"Nata fa, Baba? Yaushe amaren za su farka?"

Na kawar da kai. Ya dube ni, ya dube ta. Ya sake jefa mata wata, wai ko a kai su asibitin da aka kai Kaka. Tana tsaye tana warware kitson ɗaya daga cikin ganyen a hankali, kamar akwai sauran amfani a hakan, hawaye na sauka a bayan hannunta.

Tun suna yara na san su, suna bin kakarsu nan suna karya mini tukwane, kuma ban taɓa ganin ya jefa mata magana ta faɗi ƙasa ba. Ya rasa inda zai sa kansa. Ya mayar da almakashin aljihu. Kunya ta kama shi fiye da ta ɗazu, don ɗazu ciyawa ya yanka.

Domin shi ma ya san furen nan. Fari ne, da jan layi siriri a tsakiyar kowane kunne. Daga tsakar gidan mahaifiyarta Kaka ta tono shi tana budurwa, kuma duk gidan da ta zauna a duniya sai ta tafi da shi, tana rabawa tana sake dasawa. Ni nan na roƙe ta guda ɗaya har na gaji, ta ce hannuna na kasuwa ne. Rabonta da ganin launinsa tun kafin idon ya rufe.

Mai kitso ta share fuska ta tambaye ni ko ina da irinsa sak. Na ce ba ni da shi, kuma ban san mai shi ba. Ina da ja, ina da fari zalla a cikin wani kwando, albasarsu kama ɗaya da ta Kaka, ko ni sai na duba da kyau.

Mai aski ya yi wuf ya kama wannan. Ya ce to ai magana ta ƙare. A wannan lokacin dama ganye bushewa yake, ko ba haka ba? Ba abin da Kaka za ta gani sai ƙasa. A zuba sabuwar ƙasa, a binne nawa, wa zai sani? Ya rantse ba zai taɓa faɗa ba, ko da wasa, ko ranar da suka yi faɗa. Kuma gaskiya ya faɗa, dabarar za ta yi. Ni ma, Allah ya yafe mini, hannuna har ya kai kan kwandon.

"Baba, yaushe za ta gane?" ta ce.

"Sai ya yi fure. Baɗi."

Ta daɗe tana kallon kwandon.

"Wato ta shekara tana tsugune a gabansa da sabon idonta, tana yi masa magana, tana jiran furen uwarta. Rana ɗaya ya buɗe, ta ga baƙo." Ta girgiza kai. "Mayar, Baba."

Na janye hannuna, kuma ban ji daɗin kaina ba. Don in samu abin yi sai na ɗauki wuƙa na shiga bin ruɓaɓɓun ɗaya bayan ɗaya, ina ɓare su. Yawanci ba komai sai ruwa da wari. Amma a gindin wata babba, inda ruɓar ba ta gama kaiwa ba, na tarar da 'ya'ya manne, ƙanana kamar ɗan tafarnuwa, farare, da tauri. Na ɓanɓare su, na goge, na birgima su cikin toka, na jera a ƙaramar tukunya da busasshen yashi.

Na gaya musu gaskiya, don kada wani ya fara rawa. Mai yiwuwa su rayu, mai yiwuwa ruɓar ta riga ta shige su. In sun rayu ma, ba baɗi ba, sai sun yi shekaru suna girma kafin su yi fure. Kaka kuwa tsohuwa ce. Dukkanmu mun yi wannan tunanin, ba wanda ya furta.

Mai aski ya yi gyaran murya. Ya ce to a bar masa, zai ce shi ne ya yi ta zuba ruwan, tunda dama an san shi da rashin hankali, laifi ɗaya da biyu duk ɗaya ne a wurinsa. Ta ce kitson fa, shi ma shi ya yi? Ya ce zai ce yana koyo. Ta ce Kaka na taɓa ganyen za ta san hannun wa ne, ita ta koya mata. Kuma ko ba haka ba, ba ta ƙi ƙarya ɗaya don ta ɗauki wata ba.

"To ga abin da za a yi," ya ce. "Ni zan tare ta a ƙofa, in kai ta jikin katanga tukuna. In tsaya a tsakiyar askin nan da almakashi a hannu. Kin san Kaka, in ta fara ba ta tsayawa sai numfashi ya ƙare. Ta zage ni, ta zagi shagona, ta zagi wanda ya koya mini. Kafin ta iso wurinki ba sauran ko kalma ɗaya a bakinta."

"Ba zagin nake tsoro ba," ta ce. "In ta zage ni ai na ji sauƙi. Shirun nake tsoro."

Ya buɗe baki, ya rufe.

"In ta yi shiru ni zan cike wurin. Zan yi ta zuba har ta kore mu mu biyu. Kin taɓa ganin na rasa abin faɗa?"

"Yanzun nan."

Ya dube ta. Dariya ta kuɓuce mata, irin mai haɗe da majina, ta toshe baki da mayafi. Shi ma ya yi, a hankali, yana sosa ƙeya.

"Na rasa," ya ce. "Kin ci wannan, gimbiya. Kawo in ɗaukar miki."

Ta ce hannun da ya yi wa ciyawa haka ba zai taɓa tukunyar ba. Ya ce nata hannun fa? Ta dubi tafinta, ta tura masa tukunyar. Ya ɗauka da hannu biyu ya manna a ƙirji. Na ce su tafi, ba na son komai, su dai bar mini rumfa in sha iska, kuma su kwashe warin nan su tafi da shi.

Har sun kai bakin titi ta juyo.

"Baba, ruwa fa? Yaushe zan ba su?"

"Kada ki ba su," na ce. "Ki miƙa wa mai su, ita ta sani."

Ta gyaɗa kai. Suka tsaya suna jiran motoci su wuce, shi rungume da tukunya, ita riƙe da ledar.